Cutar Siliyak da Barin Cin Alkama: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Katsina da Daura

Waɗannan su ne tambayoyin da iyalai suka fi yi idan likita ya ce yana zargin cutar siliyak, ko ya tabbatar da ita. An gina amsoshin a kan abincin da ake girkawa a gidajenmu da wanda ake saya a bakin titi. Mai ciwo dai sai ya ga likita, karatu kaɗai ba ya isa.

Mece ce cutar siliyak?

Ciwo ne da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa ƙaramin hanjinsa duk sa'ad da ya ci gulutin. Gulutin shi ne sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo har ya tashi, kuma yana cikin alkama, sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Cikin ƙaramin hanji cike yake da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Ciwon yana cinye su har hanjin ya yi sumul, sai abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba. Mutum na ci yana ƙoshi, amma yana ramewa, jininsa na ƙasa.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da cewa alkama ce sanadi, ya kuma rubuta bincikensa a 1950. Ya lura cewa a yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da ciwon sun murmure, da burodi ya dawo kuma ciwonsu ya dawo.

Ba cutar Turawa ba ce? Mu ma muna kamuwa?

A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita. Ɗaya daga cikin alƙaluma mafi yawa da aka taɓa samu ma a Afirka aka same shi: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da ita. An san ta sosai a Masar, Aljeriya, Libiya da Sudan.

A ƙasar Hausa ba a cika gano ta ba. Kakanninmu gero da dawa suka rayu a kai, alkama kuwa sai a biki ko gidan masu hali, a yi alkaki ko funkaso. Yau yaro na karyawa da burodi, ya ci taliya da rana, ya kwana da Indomie, kuma Nijeriya na shigo da miliyoyin tan na alkama kowace shekara. Ga shi kuma gwajin ba ya cikin waɗanda ake yi yau da kullum a asibitocinmu. Wanda ba a gwada ba, ba za a ce yana da ita ba, sai a yi ta ba shi maganin wani ciwon.

Waɗanne alamomi ne za su sa a yi zargi?

A yara: zawo mai daɗewa, bayan gida mai maiƙo da wari sosai, ciki ya yi tulu alhali hannuwa da ɗuwawu sun tsotse, tsumburewa, rigima da ƙin abinci. Yawanci abin na somawa bayan an fara ba yaro abinci mai fulawa. A manya alamomin sun fi ɓuya: kumburin ciki, gajiya, gyambon baki mai dawowa, ciwon ƙashi, yawan ɓari ko jinkirin samun ciki. Wasu ma ba zawo suke yi ba, taurin bayan gida ne. Akwai masu fitar da ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da ɗuwawu, dama da hagu lokaci guda.

Alamar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani. Mace ta sha ƙwayar ƙarin jini wata uku, an ba ta maganin tsutsar ciki, an yi maganin maleriya, amma jini bai hau ba: wannan a gwada ta. Haka yaron da aka yi wa maganin tamowa ya farfaɗo, ya koma gida ya sake zubewa alhali akwai abinci a gidan.

Sai dai a sani, yawancin masu waɗannan alamomi a nan ba siliyak ke damunsu ba. Tsutsar ciki, gurɓataccen ruwa, tarin fuka na hanji da cutar HIV duk suna kawo irinsu. Shi ya sa zato ba ya isa.

To in daina cin burodi in gani ko zan ji sauƙi?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata bincike. Gwajin yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da gulutin ne, idan ka daina ci faɗan ya lafa, sai sakamako ya fito lafiya lau alhali ciwon na nan. Daga nan ka rasa tudun dafawa: ba ka da tabbacin da zai sa ka jure ƙa'idar har ƙarshen rayuwa, ba ka kuma da tabbacin da zai sa ka saki jiki.

Wanda ya riga ya daina, likita zai sa shi ya koma cin alkama kullum na aƙalla mako 6 kafin a gwada, misalin yanka biyu zuwa huɗu na burodi a rana. Ga ƙananan yara da masu juna biyu, kada a yi wannan sai da umarnin likita.

Yaya ake gwajin, kuma a ina?

Mataki biyu ne. Na farko gwajin jini mai suna tTG-IgA, tare da auna jimillar IgA ta jiki, wato wani sinadarin garkuwar jiki da gwajin ya dogara da shi. Auna jimillar IgA ɗin nan yana da muhimmanci, domin wasu an halicce su da ƙarancin IgA, gwajin tTG kan nuna ba su da komai ko da suna da ciwon. Su akwai wani gwajin na IgG, wani nau'in sinadarin garkuwar, da ake yi musu.

Idan jini ya nuna, sai endoskofi: a zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki zuwa farkon ƙaramin hanji, a tsinko 'yan ƙananan tsoka huɗu zuwa shida a duba a ɗakin gwaji. Ana zuwa ba a ci komai ba na awa 6 zuwa 8, aikin kansa bai fi minti 15 ba. A yara, idan tTG ya ninka iyakar lafiya sau 10 ko fiye, kuma wani gwajin jini mai suna EMA ya goyi baya, ƙwararren likitan yara na iya tabbatar da ciwon ba tare da endoskofi ba.

Gwajin jini da na hanji suna buƙatar juna a nan fiye da Turai, saboda yawan zawo da ƙwayoyin cutar hanji ma kan shafe tsiro-tsiron nan. A fara da likita a babban asibiti, a nemi takardar turawa zuwa sashen masu ciwon ciki ko na yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya su ma suna da ƙwararrun fannin. Sau da yawa jinin akan aika shi wani gari, don haka a tambayi kuɗi da kwanakin jira tun farko.

An tabbatar. Wane magani za a sha?

Babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo. Maganin shi ne barin gulutin ɗungurungum har abada. Likita kan ƙara da maganin ƙarin jini, folik asid, kalsiyam ko bitamin D na wani lokaci don cike giɓin da aka samu, masu ƙuraje kuma akwai ƙwayar dapson da ke kwantar da ƙaiƙayin. Duk wanda ya ce yana da garin da ke wanke ciwon a koma cin gurasa, kuɗi kawai zai ci.

Me ya haramta a kwanon mai siliyak?

Duk abin da aka yi da alkama, fulawa ko semo: burodi, gurasa, taliyar kanti da 'yar murji, makaroni, Indomie da 'yan uwanta, kuskus na kwali, tuwon semo, tuwon alkama, dashishi, alkubus, funkaso, fanke, wainar fulawa, alkaki, dublan, cincin, gireba, kek, biskit, samosa da shawarma. Mutane da yawa ba su san semo alkama ce ba, sai su bar burodi su koma tuwon semo suna mamakin rashin sauƙi. Alkamar gida ta noman rani ma alkama ce, ba ta fi ta kamfani sauƙi ga mai wannan ciwo ba.

Sai lemun malta da kayan shayin gwangwani masu malt, wato tsiron hatsin da aka sarrafa. Wasu da dawa ake yin malt ɗinsu, wasu da sha'ir, wasu a gauraye. Idan kwalin bai fayyace ba, a bari. Hatsin Turawa da ake kira ots kuma, ko da yake asalinsa ba alkama ba ne, yawanci yana gauraya da ita tun daga gona, sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba shi da gulutin.

Me ya rage a ci ke nan?

Kusan duk abincin da aka san Bakatsine da shi. Gero, maiwa, dawa, masara, shinkafa, acha, rogo, doya, dankali, makani, wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, aya da waken suya babu gulutin a cikinsu. Haka nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, ganyaye da 'ya'yan itace. Tuwon dawa miyar kuka, tuwon masara miyar kuɓewa, fura da nono, koko da ƙosai, fate, dambu, alale, shinkafa da wake, kwaɗon zogale, sinasir, nakiya: duk halal ne gare shi in an yi su yadda aka gada. Mai siliyak a Landan sai ya sayi abinci na musamman mai tsada; na Daura tuwon gidansu ya ishe shi. Wahalarsa a wani wuri take, wato fulawar da ke shiga abinci ba a faɗa ba.

A ina fulawa ke ɓuya?

Ɗanwake ne na farko. Asalinsa garin wake da na rogo ne, amma yau mafi yawan masu sayarwa da fulawa suke yi, wasu ma zallarta. Wainar shinkafa wasu na barbaɗa mata fulawa don ta yi laushi ta kuma yi auki. Kunun gyaɗa wasu da alkama suke ɗaure shi. Dambu da burabusko akwai na masara ko gero, akwai na alkama ko semo. Tuwon masara ko na shinkafa wasu matan kan ɗaure shi da semo idan ya yi ruwa. Kifi, kaza da awara akan turbuɗa su a fulawa kafin suya. Dunƙulen ɗanɗanon miya da garin kori wasunsu na da alkama a ciki, daddawa kuwa ba ta da matsala. Yajin tsire da na kilishi ya danganta da mai haɗawa.

Sai man suya. Kaskon da aka soya fanke a ciki, ƙosan da ya biyo baya ya ɗauki ɓarɓashinsa. Zafin wuta ba ya kashe gulutin, tsami da kwanan ƙullu ma ba sa kashe shi.

Yadda ake tambaya ma da dabara. Idan ka ce wa mai waina kana gudun fulawa, tana iya cewa babu don kada ciniki ya wuce ta. Gara a ce, "Inna, da me da me kike haɗa ƙullun nan?" a bar ta ta lissafa da kanta. Wanda ya samu mai sana'ar da ya yarda da ita, ya riƙe ta.

Ɗan kaɗan ma yana cutarwa?

Yana yi. Miligiram 50 na gulutin a kullum ya isa ya lalata hanji, wato abin da ke cikin kusan rabin giram na fulawa, ɗan abin da yatsu biyu za su tsinto. Ƙa'idar duniya ta ce ba a kiran abinci marar gulutin sai in bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Kuma rashin jin ciwo ba hujja ba ce: wasu na cin alkaki su kwana lafiya, hanjin na lalacewa a ɓoye. Wanda ya yi shekaru yana wasa da ƙa'idar yana fuskantar raunin ƙashi, ƙarancin jini mai ɗorewa, da wani nau'in sankarar hanji, duk da cewa wannan na ƙarshen ba kasafai ba ne.

Yaya za a yi da injin niƙa?

Wannan ita ce babbar matsalar gidajenmu. Injin unguwa ɗaya ne ke niƙa gero, masara da alkama, kuma gari na maƙalewa a haƙoransa da mazurari. Wadda ta kai masara bayan mai alkama, da gulutin za ta koma gida.

A sayi hatsi tsaba, kada a sayi garin kasuwa da ba a san inda aka niƙa shi ba. A baza shi a faifai ko tire a tsince, domin buhu da tiyar awo ɗaya ake amfani da su wa kowane hatsi. Ƙwayar alkama doguwa ce mai tsaga a ciki, tana fita fili a cikin gero ko dawa. A wanke, a shanya. Sannan a nemi injin da ba a kai masa alkama sam, a tabbatar daga bakin mai injin. Idan babu, a sa ya buɗe ya kakkaɓe ya goge, a fara niƙa tiya guda ta sauran mutanen gida a ajiye daban, sannan a niƙa ta mai ciwo a tara a roba mai murfi. Wannan na rage haɗarin sosai amma ba ya kawar da shi. Injin markaɗe ya fi sauƙi tunda ana iya wanke shi da ruwa har ya fito fes kafin a zuba. Mafi aminci shi ne turmin da aka keɓe, ko ƙaramin injin gida ga mai hali. Gidajen da ke da mai ciwo fiye da ɗaya, kuɗin injin ba asara ba ne.

Sai an raba tukunya a gida?

Tukunyar ƙarfe, cokali da faranti, wanki da sabulu ya wadatar. Abin da ake keɓewa shi ne wanda gari ke shiga ramukansa: rariya, matsamin taliya, muciya, ludayin duma, ƙwarya, katakon murji da tandar ƙasa. A fara girka na mai ciwo a rufe kafin a buɗe buhun fulawa, domin garinta na tashi ya sauka kan komai. Robar bota ko kwalbar zuma da ake tsoma wuƙar burodi a ciki, a ware masa tasa.

Cin abinci a tire ɗaya ba laifi in duk abin da ke ciki halal ne gare shi. In akwai taliya a gefe, a zuba masa nasa daban. Gida mafi sauƙin sarrafawa shi ne wanda aka mayar da abincin dare na kowa da kowa marar alkama, yaro ba ya jin an ware shi, uwar gida ba ta girki biyu.

Yaya ake ɗanwake da waina ba fulawa?

Ɗanwake: garin wake kofi 1, garin rogo kofi 2, kuka babban cokali 2, sai ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace. A kwaɓa ya yi danƙo, ya fi ƙullun ƙosai kauri. Sai ruwa ya tafasa sosai a fara jefawa, in sun taso a bar su kamar minti 10, a tsame a ruwan sanyi. Idan ya narke a tukunya, ko kuka ta yi kaɗan, ko kwaɓin ya yi ruwa, ko ruwan bai tafasa ba. Idan ya yi ɗaci, kanwa ta yi yawa.

Waina: shinkafar tuwo kofi 3 a jiƙa awa 6, a dafa wani rabin kofi ya yi luguf, a haɗa a markaɗa, a sa yis ƙaramin cokali 1 da ɗan sukari, a rufe a wuri mai ɗumi ya tashi. Dafaffiyar shinkafar ce ke ba ta laushin da wasu ke nema da fulawa.

Burodi kuwa, gaskiya garin shinkafa ko na dawa ba ya ba da irin na gidan burodi, marmashewa yake yi. Mai neman abin shan shayi, sinasir, waina ko soyayyen dankali sun fi masa daɗi da arha.

Biki, azumi, makarantar kwana da aikin Hajji fa?

A gidan biki ko suna, a ci a gida kafin a fita, a can kuma a tsaya kan farar shinkafa, nama da 'ya'yan itace. Surukai da dattawa kan ɗauki ƙin cin abincinsu a matsayin raini, don haka a faɗa sau ɗaya a fili: "Hajiya, a yi mini afuwa, likita ya hana ni duk abin da aka yi da alkama." An saba jin haka daga masu ciwon suga, ana kuma karɓa.

Azumi ba ya gagarar wanda ya murmure. Dabino, kunu da ƙosan gida sun isa buɗa-baki. Wanda jininsa ke ƙasa sosai ya tuntuɓi likita. Ɗalibin makarantar kwana a kai wa hukumar makaranta takardar likita, a haɗa shi da garin kwaki, gyaɗa, ƙuli-ƙulin gida da garin kunu don ranakun burodi da taliya. Maniyyaci ya tafi da irin wannan guzuri gwargwadon abin da aka yarda a ɗauka, ya kuma yi hattara da shurba a Saudiyya, domin da ots ko alkama ake yin ta.

Me ake dubawa a jikin kwali?

Da Turanci ake rubutawa, don haka a haddace waɗannan: wheat, flour, semolina, barley, rye, malt, oats. A duba kowane saye, kamfani kan canja haɗi. Magungunan asibiti mafi yawansu ba su da matsala, amma a sanar da mai ba da magani.

Ana gadonta? Tana hana aure ko shayarwa?

Ba a ɗaukarta daga wani, ko ta kwano ko ta auratayya. Ana dai gadon yiwuwar kamuwa: kusan 1 cikin 10 na iyaye, 'ya'ya da 'yan uwan ciki ɗaya na mai ciwon su ma suna da ita, don haka a gwada su ko ba su da alama. A zuri'ar da ake auren zumunci abin ya fi cancantar kulawa. Masu ciwon suga nau'i na ɗaya da masu ciwon maƙoƙo na garkuwar jiki su ma a gwada su. Mai suga da siliyak tare, acha ce madadin tuwon alkamar da ake yawan ba masu suga.

Mace mai kiyaye ƙa'ida tana ɗaukar ciki ta haihu ta shayar kamar kowa. Jaririnta a ba shi nono zalla wata 6, sannan a fara masa abinci yadda aka saba. Jinkirta ba shi alkama ba ya hana ciwon zuwa.

Yaushe za a ga sauƙi, kuma idan ba a gani ba fa?

Zawo da kumburi kan lafa cikin 'yan makonni, yara su soma ƙiba da tsawo cikin watanni. Hanjin yaro na saurin warkewa, na babba kan ɗauki shekara 2 ko fiye. A farkon lokaci madara da nono kan ɓata wa wasu ciki, saboda hanjin da ya ji rauni ba ya narkar da sukarin madara. Wannan na wucewa, kindirmo kuma ya fi ɗanyar madara sauƙi. Fulawar kamfani a Nijeriya ana ƙara mata sinadarin ƙarfe da bitamin, wanda ya bar ta sai ya cike da hanta, wake, zogale da gero.

Ana maimaita gwajin tTG bayan wata 6, sannan a wata 12, daga nan shekara-shekara, tare da auna jini da nauyi. Idan lambar ta ƙi sauka, mafi yawan lokuta gulutin ne ke shiga ta wata kafa. A rubuta duk abin da aka ci na mako biyu, har da wanda aka saya a waje da inda aka yi niƙa, a kai wa likita ko jami'in abinci na asibiti su bi shi ɗaya bayan ɗaya. In an toshe kowace kafa ciwo bai lafa ba, ko ana ramewa, ko ana ganin jini a bayan gida, ko zazzaɓin dare, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba da ba.